An yi mini tiyatar rage tumbi, yaya zan ci moriyar watannin farko?

Tambaya: Ni mace ce mai shekara 39, ina zaune a Jos, 'ya'yana huɗu. Sati biyar ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Indiya, irin wadda ake yanke mafi yawan tumbi a cire. Ina da ciwon suga da hawan jini. Cikin sati uku na zubar da kilo tara, daga nan sikeli ya tsaya cak. Ba na jin yunwa ko kaɗan, kunu da shayi kawai nake sha. Na ji ana cewa watannin farko su ne masu muhimmanci. Me zan yi kada su wuce ni a banza?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Zan kwantar miki da hankali a kan sikelin, amma zan tayar miki da shi a kan kunun, domin a duk abin da kika rubuta kunun ne ya fi damuna.

Tsayuwar sikeli tsakanin sati na uku da na biyar abu ne da kusan duk wanda aka yi wa wannan aiki yake gamuwa da shi. Kilo taran nan ba kitse ba ne zalla. Jiki yana da wata ajiyar sukari a hanta da tsoka, kuma ajiyar tana riƙe da ruwa mai yawa. Da abinci ya yanke sai jiki ya cinye ta, ruwan ya fita ta fitsari, nauyi ya yi ƙasa da sauri. Yanzu jiki yana mayar da wani ɓangare na ruwan a daidai lokacin da kitse yake narkewa, shi ya sa lambar ta ƙi motsi. Za ta motsa. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a sati, da safe kafin ki ci komai, ki kuma ari tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu da cinya da damtse duk ƙarshen wata. Sau da yawa zani yakan riga sikeli ba da labari.

Abin da kika ji game da watannin farko gaskiya ne, ga kuma dalilinsa. A irin aikin da aka yi miki ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar wani siriri wanda da farko da ƙyar yake ɗaukar rabin kofin shayi. A sashen da aka cire ɗin ne ake samar da mafi yawan wani sinadari mai suna girelin, wanda yake kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Shi ya sa ba kya jin ta. Amma wannan shiru na wani lokaci ne. Yunwa takan fara dawowa sannu a hankali daga wata na shida zuwa shekara, tumbin ya ɗan saki ya riƙa ɗaukar fiye da yadda yake ɗauka yanzu. Mafi yawan nauyin da za ki zubar a wata shidan farko zai zube, sauran ya biyo baya a hankali har zuwa shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, sannan ya tsaya. Galibi mutane kan rasa wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin da suka shiga asibiti da shi. To wannan lokacin damina ce: ruwa zai zuba ko kin yi shuka ko ba ki yi ba, nauyi zai ragu ko me kike ci. Bambancin sai an shiga shekara ta biyu da ta uku ake ganinsa, tsakanin wadda ta yi amfani da rashin yunwar ta koya wa kanta sabon tsarin ci, da wadda ta bar wa tumbi aikin shi kaɗai.

Mu koma kan kunu. Mu a al'adarmu mara lafiya kunu ake dama masa, da koko, da shayi mai kauri, 'yan dubiya kuma su zo da katan ɗin maltina da lemon kwali. Ga wanda zazzaɓi ya kayar wannan gata ne. A gare ki kuwa matsala biyu yake kawowa. Duk abin da yake ruwa-ruwa ba ya zama a sabon tumbin, zarcewa yake yi, don haka za ki iya shan kofi huɗu na kunun gyaɗa mai sukari a yini ba tare da tumbin ya ce miki ya isa ba. Kwalbar lemo guda sukarin da ke cikinta ya kai cokalin shayi takwas ko fiye, ga ki da ciwon suga, ga iskar gas ɗin da ke kumbura ciki. Matsala ta biyu ita ce babba: kunun gero ko na masara kusan duk sitaci ne, furotin ɗin cikinsa kaɗan ne. Jikin da ba ya samun furotin ba kitse kaɗai yake ƙonawa ba, tsokarsa yake ci. Tsoka kuwa ita ce take ƙona abinci ko kina zaune. Wadda ta rame ta hanyar zubar da tsoka za ta ga sikeli ya yi mata daɗi yau, amma za ta zauna da kasala, fata ta saki, kuma ƙiba ta fi saurin dawo mata.

Abin da ake so ki samu shi ne giram 60 zuwa 80 na furotin a kullum. Da yake kina da suga da hawan jini, a fara duba lafiyar ƙodarki kafin a tsayar miki da adadi. Don ki san me lambar take nufi a kicin: ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara wajen giram 8. Naman kaza dafaffe mai nauyin giram 100 yana ba da kusan 30, kifi irin wannan nauyin sama da 20, gwangwanin sadin guda da aka tsiyaye mansa wajen 20. Kin ga ke nan da tumbin da ke cika da cokali biyar ko shida, ba za ki kai ga adadin ba sai kin raba ci gida biyar ko shida a yini, kuma duk lokacin da kika zauna furotin ne farkon abin da zai shiga baki. Ganye ya biyo baya. Sitaci shi ne na ƙarshe, in wuri ya rage, kuma galibi ba ya ragewa.

A sati na biyar yawancin asibitoci sun kai mutum matakin abinci mai laushi, wanda cokali mai yatsu zai iya dagargazawa. Ki duba takardar da likitanki ya ba ki, ita ce gaba da maganata. In ta yarda, ga abin da ke hannunki a nan garin ba sai kin nemi na kanti ba: ƙwai da aka kaɗa aka dafa da ɗan ruwa ba a soya shi ya bushe ba, alale mai ƙwai ko kifi da man da bai wuce cokali ba, farfesun kifi da aka cire ƙaya tsaf kuma aka rage yaji, kaza da ta dahu luguf aka daka ta cikin romo, wake da aka surfe ya dahu ya narke, kindirmo mai tsabta ko yogot mara sukari. Awara abinci ce mai kyau ƙwarai, sai dai ki karɓe ta kafin a soya, ki yanka ƙanana cikin miyar alayyahu. In dole sai kin sha kunu, to a dama shi da garin waken suya da madarar gari, ba sukari, rabin kofi, ki lissafa shi a matsayin cin abinci guda. Na san mu 'yan Jos muna ji da acca, har ana cewa ita ce abincin masu suga. Tana da kyau, amma hatsi ce, sitaci ce. Gwaten acca zai yi miki amfani ne idan kifi da ganye sun rinjayi accar a cikin tukunya. Haka dankalin turawa: dafaffe guda ƙarami, ba soyayye ba.

Akwai wani abu da takardun asibitocin waje ba sa faɗa domin ba su san shi ba. Mu ba ma tauna tuwo. Tun muna yara aka koya mana a gutsura, a mulmula, a dangwali miya, a haɗiye. Haka ɗanwake, haka sakwara da teba. Loma ɗaya irin wannan ta isa ta tsaya miki a ƙirji, ki ji kamar an danne ki, yawu ya riƙa taruwa, daga nan sai amai. Don haka tuwo ya dakata sai bayan wata biyu ko uku, kuma ranar da kika koma masa da ƙaramin cokali za ki ci, ki tauna shi kamar yadda za ki tauna nama. Shinkafa da taliya da burodi mai laushi su ma suna kumbura su cushe. Tsire, balangu, kilishi da dambun nama kuwa, duk da furotin ɗinsu, sun yi tauri ko bushewa ga tumbin da bai gama warkewa ba. Za su jira ki. Ki ba kowane ci minti 20 zuwa 30, ki ajiye cokali tsakanin loma da loma. Ƙoshinki ma ya canja kama. Wata gyatsa ce take zuwar mata, wata shaƙuwa, wata hanci ne zai fara yoyo, wata ɗan nauyi a ƙasan ƙirji. Ki gano taki alamar, da ta zo ki tsaya ko da cokali ɗaya ne ya rage. Wannan koyon shi ne babban aikin watannin nan.

Ruwa kuma lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, amma da kurɓi kaɗan-kaɗan, ba kwankwaɗa ba. Kada ki haɗa shi da abinci. Ki dakata da sha wajen rabin awa kafin ci da rabin awa bayansa, domin ruwa yana cike gurbin abinci, ko ya wanke shi ya wuce da wuri ki sake neman wani. Ƙarancin ruwa yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane gadon asibiti a makonnin farko, kuma sanyin Jos yana yaudara. A Disamba da Janairu mutum sai ya wuni bai ji ƙishirwa ba alhali iskar hunturu tana busar da shi. Ki zuba ruwan ɗumi a filas ki ajiye kusa da ke. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi duhu ya ragu, ruwa bai isa ba. Taurin bayan gida ma da za ki iya fuskanta yawanci daga nan yake.

Maganar bitamin ba ta wata shida ba ce, ta har abada ce. Ƙaramin tumbi ba ya samar da isasshen ruwan tsami da sinadarin da ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin B12 da ayon, wato sinadarin da ke ƙara jini, abincin da ke shiga kuma kaɗan ne. Za ki buƙaci ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe kullum, da kalsiyam da bitamin D, da B12 wanda wasu ake yi musu allurarsa duk wata uku, da maganin ƙarin jini tunda har yanzu kina al'ada. Ki raba kalsiyam da maganin ƙarin jini da awa biyu, domin ɗaya yana tare wa ɗaya hanya. Shayi ma yana hana jiki tsotsar ayon, kada ki kora maganin da shi. Ɗaya daga ciki ina so ki riƙe shi da kyau, wato bitamin B1. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta sati biyu zuwa uku ba. Idan amai ya dage miki kwana da kwanaki, sannan kika fara jin ƙafafu suna mutuwa ko suna zafi, ko tafiya tana tangaɗi, ko gani yana rabuwa biyu, ko mantuwa da ruɗewa, wannan ba na jira ba ne kuma ba iska ba ce. A kai ki asibiti a ranar, a gaya musu an yi miki tiyatar tumbi, a ba ki B1 ta jijiya kafin a ɗaura miki ruwa mai sukari. In aka makara yana taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta gyaruwa. Haka nan bugun zuciya da ya haura 120 a minti kina zaune, zazzaɓi tare da ciwon ciki ko ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, kumburin ƙwauri ɗaya, ko bayan gida baƙi ƙirin mai wari, duk na gaggawa ne.

Ba ki faɗi ko an taɓa magungunanki ba, kuma wannan yana cikin abin da nake so ki yi a satin nan. Suga yakan sauka tun kwanakin farko bayan tiyata, kafin ma nauyi ya ragu sosai. Wadda ta ci gaba da allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide a tsohon ma'auni tana iya faɗuwa. Ki riƙa gwada suga a gida, ki rubuta a littafi, in kin ga ya yi ƙasa da 4, ko ƙasa da 70 a injin da ke lissafi da manyan lambobi, ko kika ji rawar jiki da gumi mai sanyi, ki sha ɗan abu mai zaƙi nan take sannan ki nemi likita. Maganin hawan jini ma haka, musamman mai sa fitsari. Jiri idan kin miƙe tsaye alama ce cewa ya yi miki yawa. Amma likita ne zai rage, ba ke ba.

Sai maganin ciwon jiki. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam, asfirin, da garin Alabukun wanda asfirin ne a cikinsa, duk suna iya yi wa sabon tumbi gyambo. Abin takaicin shi ne a kemis ba a gaya wa mutum suna, haɗi ake ƙulla masa a leda a ce na gajiya ne. Kada ki sha haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba. Farasitamol ya isa. Jiƙe-jiƙen gargajiya, shayin rage tumbi da na wankin ciki su ma ki ajiye su. In an ba ki omeprazole saboda ƙwannafi ki cika wa'adinsa. Saurin rama yana jawo tsakuwa a madaciya, shi ya sa wasu likitoci suke ba da maganin kariya na wata shida, ki tambayi naki.

Tsakanin wata na uku da na shida gashi zai zuba, ki sa rai. Girgizar tiyata da saurin rama ne suke sa shi, kuma yana tsirowa da kansa. Ki sassauta kitso, ki bar shafa mai saki na ɗan lokaci, ki cika furotin. Man da za a tallata miki ba zai hana ba.

Motsa jiki kuwa tafiya ce farko. Minti goma sau biyu ko uku a yini, ki riƙa ƙarawa har ki kai minti 150 a sati, wanda shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara. Garin nan ya yi miki gata a nan, ana iya tafiya da hantsi ba tare da rana ta gasa mutum ba, ga hawa da gangara a kusan kowace unguwa. Ki samu maƙwabciya ku riƙa fita bayan la'asar, in fita ba ta samuwa zagayen tsakar gida ma tafiya ce. Kafin sati shida kada ki ɗaga bokitin ruwa ko ki goya yaro. Bayan likita ya sake ki, ki ƙara da abin da zai sa tsoka aiki sau biyu ko uku a sati: tashi da zama a kujera sau goma, tura bango da hannu, ɗaga gorar ruwa cike. Mata da yawa suna raina wannan, alhali shi da furotin ne suke yanke hukuncin ko kitse za ki zubar ko tsoka.

Abu biyu kuma da sai kun zauna da maigida. Na farko haihuwa. Rama tana dawo da ƙwai ga matan da al'adarsu ta rikice saboda ƙiba, ciki yakan shiga ba zato, har ga wadda ta yi shekaru ba ta samu ba. Ana so a jinkirta ciki wata 12 zuwa 18, saboda jikin da ke zubar da nauyi da sauri ba ya iya ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata. Ki je sashen tazarar haihuwa, ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi ƙwayar sha tabbas ga mai yawan amai. Na biyu azumi. Wadda ba ta iya shan kofin ruwa a tashi ɗaya ba za ta iya tara ruwan yini tsakanin magariba da asuba ba, ga suga a gefe. Shawarar da nake bayarwa ita ce a bar azumi a shekarar farko, na farilla da na Litinin da Alhamis, sai likita ya duba ya amince. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, ki tuntuɓi malaminku kan yadda za ki yi.

Mutane kuma za su yi magana. A gidan biki za a cika miki faranti a tsaya a kanki, uwar miji ta ce ko raina girkinta kika yi, wasu su koma gefe suna raɗa cewa wata cuta ce take cin ki. Ba dole ba ne ki ba kowa labarin tiyata. "Likita ya sa mini doka saboda suga" gaskiya ce, kuma tana rufe baki. A gida ki daina sa hannu a tire ɗaya da yara na ɗan lokaci, domin a tire ba a sanin abin da aka ci, kuma saurin masu ci yana jan mutum. Ki ware ƙaramin faranti naki. Abin da nake tsoro a wajen uwa mai 'ya'ya huɗu shi ne tsakure: ɗanɗanon miya, ragowar biskit ɗin yaro, cincin guda biyu, gyaɗa a ƙullin leda. Babu wanda zai cika tumbi a cikinsu, don haka aikin da aka yi miki ba ya ganinsu, kuma ta wannan ƙofar ƙiba ta fi dawowa. In kuma kika ji ƙunci ko nadama ko kuka ba dalili a makonnin nan, yana faruwa da mutane da yawa, musamman wadda abinci ne abokin hirarta idan ranta ya ɓaci. Idan ya wuce sati biyu bai sake ki ba ki faɗa wa likita.

Wanda ya yi miki aiki yana Indiya, saƙon WhatsApp kuma ba ya auna jini. Ki nemi likita a nan wanda zai riƙe fayil ɗinki, ko a asibitin koyarwa na jami'ar Jos da ke Lamingo ko a wani babban asibitin da kika saba da shi, ki nemi a haɗa ki da masanin abinci. Ki tafi da rahoton tiyatar da jerin magungunan da aka sallame ki da su, ki ajiye hotonsu a waya saboda ranar gaggawa. Gwajin jini ana yinsa a wata na uku, na shida, na goma sha biyu, daga nan duk shekara: yawan jini, ajiyar ayon, B12, folik asid, kalsiyam, bitamin D, aikin hanta da ƙoda, da HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata uku. Wasu daga ciki suna da tsada, wani lokaci ma sai an aika da jinin wani gari, don haka ki fara ware kuɗinsu tun yanzu. Amma ganin likita kan maganin suga da na hawan jini kada ya jira wata na uku, ki je a cikin satin nan da littafin gwajinki a hannu.